Baba na kwance yana neman Jibin Ubangiji, ko zan iya ba shi da hannuna?

'Yar Mai Bishara, Katsina:

Salama gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Tambaya gare ni, kuma a yi haƙuri da tsawon bayanin, don in ban faɗi yadda abin yake ba, amsar da za a ba ni ba za ta zauna daidai ba.

Mahaifina ya yi aikin bishara a ƙauyukan da ke tsakanin Malumfashi da Kafur tun ba a haife ni ba. Da keke yake yawo, Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi a ƙunshe cikin leda, ɗaure a kariya saboda ruwa. Ba a taɓa naɗa shi fasto ba, mai bishara ne har tsufa, saboda haka bai taɓa raba Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ikilisiya ke ci da sha don tunawa da mutuwar Yesu, da hannunsa ba. Nasa shi ne ya koyar da masu shirin baftisma, ya sa a share ɗakin sujada, ya fita bakin titi ya taro faston da zai zo daga gari. Bara bayan girbi hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallame mu daga asibiti sai na riƙe shi a nan wurina cikin Katsina, saboda zuwa gashi da ganin likita.

Yana magana, amma a hankali, sai ka kasa kunne sosai. Hankalinsa kuwa ras. A cocinmu Lahadin farko na kowane wata ake cin Jibi, kuma ko kalanda babu a ɗakinsa amma bai taɓa ɓata lissafin ba. Ina shigowa, kafin in kwance ɗankwali, zai ce, “An ci Jibi yau?” In ce an ci. Sai ya ce, “To madalla,” ya mai da fuska bango. Wannan Lahadin da ta wuce bai mai da fuska ba. Cewa ya yi, “Ɗiyata, ki sayo burodi, ki dafa soɓo, kada ki cika masa sukari. Ki karanta mini Korintiyawa ki ba ni.” Na tsaya riƙe da jaka ban san abin da zan ce ba. Na ce masa bari in yi tambaya.

Sunansa yana cikin littafin ikilisiyar ƙauye, ba ta nan ba. A nan ni aka sani. Farkon ciwon an zo gaisuwa sosai, har da masu kawo lemo da madara, daga baya ƙafa ta ɗauke. Ba zan ambaci cocin ba, kuma ba ƙarar kowa na kawo ba, kowa da abin da ya dame shi a wannan tsadar rayuwa.

To, ya halatta in ba shi? Ni mace ce, ba ni da wani muƙami, ajin yara kawai nake koyarwa ran Lahadi. Akwai kuma abin da ya fi wannan hana ni barci. In ni da shi muka kulle ɗaki muka ci burodi muka sha soɓo, Jibin Ubangiji muka ci ko kwaikwayo? In kuma fasto ya zo shi kaɗai da 'yar akwatinsa, ya yi addu'a a tsaye ya ba shi ya hau babur ya tafi, wannan ne zumuncin da ake faɗa? Addu'a ba ta yanke masa ba, kullum muna yi safe da dare. Karatu ina yi masa. To mene ne wannan abin da yake nema wanda ni ban iya ba shi?

Dattijon Ikilisiya, Ƙofar Ƙaura:

Ɗiyata, sannu da jinya. Allah ya ɗaga kafaɗun Baba, ya saka miki da alheri.

Ni ɗan ECWA ne, kuma a tsarinmu fasto ne ke raba Jibi. Ba don hannunsa ya fi naki tsarki ba ne, kada wani ya gaya miki haka. Dalilin shi ne teburin na ikilisiya ne, ba na gidan wani ba, sai ikilisiya ta ware wanda zai tsaya a kansa da sunanta. Saboda haka shawarata kada ki ba shi ke kaɗai. Amma kada ki tsaya a nan, don tambayarki ta biyu ita ce mai nauyin.

Tunda Korintiyawa ya ce ki karanta masa, ki fara daga 1 Korintiyawa 11:17, kada ki fara daga aya 23 yadda muka saba yi a gaban teburi. Mun haddace wurin da Ubangiji ya ɗauki gurasa a daren da aka bashe shi, amma mun manta abin da ya sa Bulus ya kawo maganar. Faɗa yake yi musu. A lokacin Kiristoci ba su gina majami'unsu ba, a gidajen masu hali ake taruwa, kuma Jibin cikin cin abinci sosai ake yinsa. Kowa sai ya dirar wa nasa abincin bai jira ɗan'uwansa ba, har wani ya tashi da yunwa wani kuma ya bugu. Bulus ya ce musu abin da suke ci ɗin nan ba Jibin Ubangiji ba ne, kuma suna kunyata waɗanda ba su da komai. Ki duba fa: gurasa na nan, ƙoƙo na nan, kalmomin ma ana faɗa. Me ya ɓace? A aya 33 ya ce in sun taru cin, su jira juna. A sura 10 aya 17 kuma ya riga ya ce da yake gurasar ɗaya ce, mu da muke da yawa jiki ɗaya ne.

Shi ya sa idan mai wa'azi ya ce kowa ya auna kansa kafin ya ci, nakan ga mutane sun sunkuyar da kai suna laluben zunubin ɓoye. Wannan daidai ne. Amma ban cika jin an ce a ɗaga kai a duba wa ke nan, wa kuma ba ya nan ba. Ikilisiyar da ta ci Jibi wata da watanni, alhali tsohon da ya kai bishara ƙauyuka yana kwance a unguwa ɗaya da ita, ita ya kamata ta auna kanta. Da ni nake, don ni ma dattijo ne, ina da irin waɗannan a tawa unguwar.

Bari in gaya miki abin da na gani ina yaro. Mahaifina ya yi jinyar kuturta a Babbar Ruga, nan bayan gari, inda turawan mishan na SIM suka riƙe aikin masu wannan ciwo tun shekarun 1930. Can ya ba da gaskiya. Ranar Jibi akwai waɗanda yatsunsu sun tafi, ba sa iya ɗaukar gurasa balle riƙe ƙoƙo. Sai na kusa da mutum, wanda ke da sauran yatsu biyu ko uku, ya ɗauka ya sa masa a baki, ya tallafi ƙoƙon ya kai masa leɓe, ya share masa haɓa da bakin riga. Ba wanda ya tsara wannan, ba a rubuta shi a ko'ina ba. Mutanen da danginsu na jini suka ware musu kwano ne, a nan kuwa wani ke sa musu abinci a baki. Tun ban san ma'anar kalmomin da fasto ke karantawa ba na ga wannan.

Abin yi: ki je wurin fastonku a ofis, ba a bakin ƙofa bayan sujada ba lokacin da mutum ashirin ke jiran gaisawa da shi. Ki ce mahaifinki mai bishara ne, yana neman Jibi. Ki aika ƙauye su rubuto takardar shaida cewa cikakken ɗan ikilisiya ne. Kuma ki roƙa kada faston ya zo shi kaɗai.

Ɗan Sabon Rai:

Baba Dattijo, da girmamawa, ni ban gamsu ba. A nuna mini ayar da ta ce sai fasto. Ayyukan Manzanni 2:46 ta ce gida gida suke gutsuttsura gurasa. Mutum wajen dubu uku ne suka tuba ranar Fentikos, manzanni goma sha biyu ne za su zagaye duk gidajen? Matiyu 18:20 kuma biyu ko uku ta ce, ba ta ce har da mai farin kwala ba. Bitrus ya kira dukanmu firistoci.

Yaya, tsohon nan da bakinsa ya roƙe ki. In kika jira a yi mitin, a kafa kwamiti, a jira takarda daga ƙauye, Allah kaɗai ya san kwanan kowa. Ni da babana ne, yau ɗin nan zan sayo burodin.

Katikis daga Malumfashi:

Salama, 'yar'uwa. Yaya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Ni ɗan Katolika ne, na san tsarinmu ba naku ba ne, amma bari in sa baki tunda 'yan gida ɗaya muke, wataƙila ma Baba ya taɓa bi ta ƙauyenmu da kekensa.

A wurinmu amsar gajeruwa ce: Fada, wato limaminmu, shi kaɗai ke keɓe gurasa da ruwan inabi, don mun gaskata bayan keɓewar jikin Almasihu ne da jininsa a zahiri, ba tuni kawai ba. Ni da nake jagorar sujada a ƙauye ran Lahadin da Fada bai zo ba, karatu da wa'azi da addu'a nake yi, ban isa in keɓe ba. Amma saboda wannan bangaskiyar ce ake ajiye abin da aka keɓe a coci, a sa a ɗan ƙaramin gwangwani mai murfi a kai wa marasa lafiya gida. Ba alfarma ake yi wa majinyaci ba, haƙƙinsa ne. Ko azumin awa ɗaya da muke yi kafin karɓa an ɗauke wa tsofaffi da marasa lafiya.

Kuma ba mu muka fara ba. Wani malamin ikilisiya mai suna Justin, wanda aka kashe a Roma saboda bangaskiyarsa, ya rubuta yadda Kiristoci ke sujadar Lahadi wajen shekara ta 150. Ya ce bayan an raba wa waɗanda ke nan, dikinoni, wato masu hidimar ikilisiya, ke ɗaukar rabon waɗanda ba su samu zuwa ba su kai musu. A wuri guda kuma ya ce baikon da aka tara ana damƙa shi ga shugaban taron don marayu, da gwauraye, da marasa lafiya, da 'yan kurkuku, da baƙi. Daga teburi ɗaya abubuwan biyu ke fita su nufi gidan wanda ke kwance. Ɗan Sabon Rai, ka lura, ba a ce majinyacin ya haɗa nasa a ɗaki ba, daga na taron ake ɗebo masa.

Mu nan mun san nisan Fada. Kafin 2023 duk Katsina ƙarƙashin Sakkwato muke, sai a shekarar aka ba mu namu dayosis, wato yankin da bishop ke shugabanta, aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan nan Malumfashi. Duk da haka ƙauyukan sun fi limaman yawa.

Akwai inda abin ke yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Ƙanen mahaifiyata ɗan ECWA ne. A jana'izarta muna benci ɗaya, mun yi kuka tare, da lokacin karɓa ya yi na tashi shi ya zauna. Bayan an rufe ta muka ci tuwo a kwano ɗaya. Wannan rabuwar ta daɗe, kuma ba tsakaninmu da ku kaɗai ba ce. A 1529 Luther da Zwingli, manyan jagororin Furotesta biyu, sun zauna a garin Marburg na Jamus, suka daidaita a kan batutuwa goma sha huɗu, na sha biyar ɗin, wato yadda Almasihu yake a cikin Jibi, shi ya raba su.

'Yar Mai Bishara, Katsina:

Na gode ƙwarai, Baba Dattijo, Malam Katikis, da kai ma ƙanena. Maganarka ta tsaya mini a rai, shi ya sa jiya da dare ina shafa masa man zafi a ƙafa na tambaye shi. Na ce, Baba, lokacin da damina ke yanke hanya fasto ya yi watanni bai zo ba, me ya hana ka raba wa mutane da kanka? Ya yi dariyar gefen baki, irin wadda ciwon ya bar masa, ya ce, “Ba nawa ba ne.” Na ce to yanzu me ya sa ka ce in ba ka? Bai amsa ba. Can sai ya shiga kiran sunayen mutanen ƙauye ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya wane yana nan, wance ta rasu ko tana raye. Yadda suke zama a coci yake bin su, layin gaba, sannan na bayansa, har ya kai bencin ƙarshe.

A bencin ƙarshen akwai wani tsoho da na sani. Mata biyu gare shi tun kafin ya bar tsafi ya bi Yesu, ya ƙi sakin ko ɗaya don ya ce ba su yi masa laifi ba, saboda haka har ya mutu ba a taɓa miƙa masa gurasar ba. Amma shi ke ba da kuɗin burodin, shi ke aiko kaza a yanka wa faston. Baba ya daɗe a kan sunansa. Ban san me zan yi da wannan ba, na dai faɗa muku ne.

Zan je wurin fasto. Takardar ma na yi wa yayana waya.

Maman Zumunta:

Ɗiyata, maza sun gama kawo ayoyi da shekaru, bari in yi miki maganar mata. Na daɗe cikin Zumuntar Mata, na yi jinyar miji har Allah ya ɗauke shi, na san abin da nake faɗa.

Kin ce ƙafa ta ɗauke. Gaskiya ne, zumunci a ƙafa yake, kuma laifinmu ne. Amma in tambaye ki, in an tare ki a bakin coci an ce yaya mai jiki, me kike cewa? “Da sauƙi.” Ko ba haka ba? Mu Hausawa ko mutum na shure-shuren mutuwa da sauƙi muke cewa. To mutane sun ɗauka da sauƙin ne. Ran taron mata ki miƙe ki ce ba sauƙi, kin gaji, bayanki na ciwo saboda ɗaga shi, kuma tsohon na kewar mutane. Ba roƙo ba ne. A Ayyukan Manzanni sura 6 sai da aka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayen wani ɓangare wajen rabon abinci, sannan aka zaɓi mutum bakwai, har da Istifanas. Da sun yi ta cewa da sauƙi, da yunwa ta gama da su.

Kuma Jibi sau ɗaya ne a wata, sauran kwanakin fa? Namiji ne, yana jin nauyin ɗiyarsa ta yi masa wanka, ko bai faɗa ba. Ina zumuntar maza? A samu biyu su riƙa zuwa ran Asabar su yi masa wanka da aski, su yanke masa farce, su zauna su yi masa hirar farashin masara a Dandume da wanda ya ci zaɓe. Mace ɗaya kuma ta zauna da shi wata Lahadin ke ki yi sujada hankali kwance, ba kina duba agogo ba.

Ranar da za a kawo Jibin, ga abin da na koya a jikin maigidana. Masu irin wannan ciwon haɗiya na ba su wuya, suna iya shaƙewa. A tayar da shi zaune sosai, a sa filo a bayansa, kada a ba shi a kwance. Gurasar 'yar mitsitsiya, a tsoma ta ta jiƙe. Abin shan da cokali, ta gefen bakin da ke da lafiya. Ki gaya wa faston tun kafin ya zo, don wasu ba su sani ba. Ki kuma ce wa matan su zo da tulunsu da kacau-kacau, su yi masa tsofaffin waƙoƙin Hausa, ba na zamani masu gudu ba. Maigidana da maganarsa ta ɗauke gaba ɗaya, in aka ɗauko waƙar da ya sani tun yana saurayi, sai ki ji bakinsa na bi.

Malamin Makaranta, Daura:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ni ɗan Angilika ne, aiki ya kawo ni Daura. Abu ɗaya zan ƙara a kan maganar Baba Dattijo cewa kada fasto ya zo shi kaɗai. A tsohon littafin addu'armu na 1662 akwai tsarin kai wa majinyaci Jibi, kuma an rubuta cewa a samu mutum uku, ko aƙalla biyu, da za su ci tare da shi. Wato ko a ɗakin jinya ba a so ya zama shi da limami kawai.

Mu a nan ba mu da yawa. Akwai Inyamurai masu shaguna, Yarbawa, mutanen kudancin Kaduna da Filato, 'yan sanda, da 'yan bautar ƙasa da ke zuwa shekara guda su wuce. Wani ko sunansa ba ka gama riƙewa ba an yi masa canjin wurin aiki. Amma in muka durƙusa a gaban teburi kafaɗa na gogar kafaɗa, da mai shagon da ɗan sandan da suka yi cacar baki ran Alhamis a kasuwa. Sai dai yawanci da Turanci ake yi, kuma na lura tsofaffinmu na ƙauye in sun zo ba sa sakin jiki. Saboda haka ki roƙa a yi wa Baba da Hausa tun daga farko har ƙarshe. In da hali kuma, cikin waɗanda ya lissafa miki, a ɗauko ko mutum biyu da ke raye su zo ranar. Kuɗin mota daga Malumfashi ba zai gagari ikilisiya ba.

Ɗan Sabon Rai:

Har yanzu dai ba wanda ya nuna mini ayar, kuma maganar tsohon nan mai mata biyu ta ƙara ɓata mini rai, wata rana sai mun buɗe ta daban. Amma tunda Baba da kansa ya ce ba nasa ba ne, na yi shiru.

Yaya, Keke Napep nake ja a cikin gari. In mutanen ƙauyen za su zo, ki sanar da ni tun ana gobe, in ɗauko su daga tasha in kai su har ƙofar gida, in mai da su da yamma. Ba sai an biya ba. Aski ma ina taɓawa, ina da injin caji.